Ƙafar da ta yi barci ba ta warke ba

A ƙasar Bazaga, yamma da Birnin Ƙonni, akwai wani dattijo manomi. Shekarunsa sun ɗara 60. Kowa na ce masa Baba, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru. Tun yana saurayi aka san shi da juriya. An ce wata shekara kunama ta harbe shi a gona, ya ɗaure wurin da tsumma, bai aje hauya ba sai da rana ta faɗi. Irin mutanen nan ne da ke ganin faɗin "wayyo" abin kunya ne ga namiji.

Gwiwar dama ce ta kayar da shi. Da fari sai da safe take yin tsami, in ya ɗan taka ta saki. Daga baya ta riƙa kumbura, tana ƙara kamar ana murza tsakuwa. Hawan jaki ya gagara. Tsugunno ya gagara. Abin da ya fi damunsa shi ne salla. In ya yi sujada, sai ya dafa bango ko kafaɗar na kusa da shi kafin ya miƙe. An yi ƙaho, an yi tsaga, an yi sakiya, an shafa man kaɗanya da sauyoyi iri-iri. Sauƙin kwana biyu, ciwo ya dawo.

Daga ƙarshe ƴaƴansa suka kai shi asibitin Galmi, cikin ƙasar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950. Aka ɗauki hoton ƙashi. Wanda ya taɓa fiɗar akuya ya san farin guringuntsin nan mai santsi da ke bakin ƙashin gaɓa. Shi ke hana ƙashi biyu gogar juna. To, na gwiwar Baba ya cinye, ƙashi na cin ƙashi. Wannan guringuntsi in ya ƙare ba ya sake tohowa. Ba kowane ciwon gwiwa ke kai mutum ga aiki ba. Da yawa suna samun sauƙi da magani da motsa jiki da rage ɗaukar kaya masu nauyi. Na Baba ya wuce nan. Aka ce masa sai dai a canza gwiwar, kuma aikin na manyan asibitocin birni ne.

Babban ɗansa yana kasuwanci a Kano. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, akwai kuma asibitocin kuɗi da ke yin irin wannan aiki. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Ɗan ya kawo abin da yake da shi, bai isa ba. Baba ya sayar da bijimai biyu, na huɗa. Ya kwana uku ba ya magana da kowa kafin ya yarda a kai su kasuwa. Bayan an gama ɗaurin hatsi na kakar 2022, aka sa shi mota, aka bi ta Madawa da Maraɗi da Katsina har Kano.

Ga yadda aikin yake. Likita na buɗe gwiwa, ya yanke bakin ƙashin da ya lalace, na sama da na ƙasa. Sai ya sa wa kowane hular ƙarfe, ya shimfiɗa wata roba mai ƙarfi a tsakani, ta tsaya matsayin guringuntsi. Aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu. Yana cikin ayyukan da suka fi zafi a kwanakin farko, domin ƙashi aka yanka.

Saboda haka allura biyu aka yi wa Baba. Ta farko a baya, cikin gadon baya daga ƙasa. Mata da yawa na karkara sun san ta, don da ita ake yawan yin aikin fidda jariri. Tana kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafafu, mutum na jin maganar likita amma ba ya jin wuƙa. Cikin awa biyu zuwa huɗu take sakin mutum. Ta biyun ita ce wadda ba a sani ba sosai, kuma a kanta labarin nan yake.

Da Hausa abu uku ake kira jijiya. Akwai wadda jini ke bi. Akwai mai tauri da ke ɗaure nama da ƙashi. Akwai ta uku, fara siririya kamar zare, wadda ke kai labari. In ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa, ita ce ɗan aiken da ke rugawa zuwa ƙwaƙwalwa ya ce ga abin da ya faru. Sai labari ya isa kai ne mutum ke jin zafi. Likitoci suka gano cewa in aka zuba wani magani a gefen wannan jijiya, ɗan aike yakan kwanta barci a hanya. Rauni na nan inda yake, labarinsa ne ba ya isa.

Abin ba na yau ba ne. A 1884 wani likitan ido mai suna Karl Koller, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ɗiga ruwan hodar iblis a ido, ya ga ana iya taɓa idon ba a ji ba. Ba a daɗe ba wani likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, ya fara zuba shi da allura a gefen jijiya. Shi Halsted a jikinsa ya riƙa gwadawa, har maganin ya kama shi, ya yi shekaru yana fama da jarabarsa. Daga baya aka samo magunguna waɗanda ba su da wannan sharri. Lidokayin, wanda ake yi wa mutum in za a cire haƙori ko a ɗinke rauni, an haɗa shi a ƙasar Suwidin a 1943. Shi ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. Na aikin gwiwa, irin su bupibakayin da ropibakayin, sun fi daɗewa. Sukan kai daga awa 12 zuwa awa 24.

Wata likita ce mai kula da allurar barci ta yi wa Baba tasa. Ta kawo na'urar eko, irin wadda ake duba cikin mata da ita, ta ɗora a tsakiyar cinyarsa ta wajen ciki. Tana kallon allo, tana ganin jijiyar jini da jijiyar labari kwance kusa da juna, tana ganin bakin allura yana tafiya. Da haka ba ta soki abin da bai kamata ba. Ta bar wata siririyar roba a wurin, don a riƙa ƙara magani ta cikinta ba sai an sake suka ba. A da, a matsematsi aka fi yin wannan allura. Tana kashe zafi sosai, amma tana kashe naman gaban cinya, wanda shi ke riƙe gwiwa in mutum ya tsaya. Ta tsakiyar cinya ta fi barin ƙarfin ƙafa. Duk da haka ba a ce a amince mata ba.

A Amurka da Faransa, da taimakon irin wannan allura, mutane da yawa ana yi musu aikin gwiwa da safe, da yamma suna gida. Hukumar da ke biyan kuɗin maganin tsofaffi a Amurka ta yarda da haka tun 2018. A asibitocin yankin nan akan riƙe mutum kwanaki. Baba kwana uku ya yi. Amma ko an sallami mutum ran nan ko bayan kwana uku, in ya fita da sauran allura a jikinsa, dare ɗaya ne ke jiransa a gida.

Ran sallama da hantsi, likitar ta ƙara maganin ƙarshe ta cire robar. Ta zauna bakin gado ta ce:

"Baba, ka ji ni da kyau. Rashin zafin nan aro ne, ba naka ba ne. Cikin daren nan ko gobe da safe ƙafar za ta farka. Ka sha ƙwayoyin nan a kan lokaci tun kafin ta farka. Kada ka taka ba tare da ƙarfen dogarawa ba. Kada a sa wuta ko ruwan zafi kusa da ita."

Baba ya ce: "To, ƴata, Allah ya yi miki albarka."

Ya ji, amma bai ɗauka ba. A gaskiya ma ba za a ga laifinsa ƙwarai ba. Mutumin da ya shekara bakwai gwiwa na cizonsa dare da rana, yau ya wayi gari ba ya jin komai, yaya za a ce masa bai warke ba?

Aka kai shi gidan ɗansa. Ƴan ƙasar Ƙonni mazauna Kano suka yi ta zuwa gaisuwa. Baba na zaune kan gado, yana buga cinya yana cewa ai aikin nan ko cizon sauro bai kai ba. Da la'asar surukarsa ta kawo ruwa da ƙwayoyi a faranti, ta durƙusa ta aje. Ya tura farantin gefe.

Ɗan ya ce: "Baba, likita ta ce a sha."

"Kai yaro, magani na marar lafiya ne. Ka gan ni da ciwo? A aje, in ya taso na sha."

Ɗan bai iya musu da uba a gaban baƙi ba. Ya yi shiru.

Da magariba Baba ya ga ƙarfen dogarawa ya yi masa nisa, buta kuwa ga ta nan bakin ƙofa. Ya miƙe. Taku na farko lafiya. A na biyu gwiwar ta lanƙwashe kamar karan da ruwa ya jiƙa. Allah ya sa jikansa, ɗan makaranta, yana kusa, ya tare shi da kafaɗa, suka zube tare kan katifa. Da kan siminti ya faɗi, ɗinki na iya ɓallewa, ƙashin da ke riƙe da ƙarfen na iya tsagewa. Da bijimai biyu sun tafi a banza. Baba ya yi dariya ya ce santsi ne.

Lokacin sanyin hunturu ne. Bayan lisha wani baƙo mai tausayi ya jawo kaskon wuta ya aje dab da ƙafar, wai kada sanyi ya shiga ƙarfen. Surukar ce ta lura. Ta zo ba ta ce uffan ba, ta janye kaskon zuwa bakin ƙofa. Fatar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba, sai an ga ƙuna da safe.

Wajen ƙarfe 2 na dare ƙafar ta farka. Da fari kamar tururuwa na tafiya ƙarƙashin fata. Ba a yi rabin awa ba, sai wuta. Baba ya ciji bakin bargo. Ya karanta duk abin da ya sani. Zufa ta jiƙa shi cikin wannan sanyi. Daga nan mutumin da kunama ba ta sa shi aje hauya ba ya kira sunan ɗansa na fari da ƙarfi, sunan da bai taɓa faɗi ba don kara. Gida duka ya tashi.

Me ya sa abin ya zo da ƙarfi haka? Raunin kwana uku ne, yana kan ganiyarsa, ga kumburi. Duk wannan lokaci allura ce ta tare hanya. Da ta janye, ba ta tarar da wani magani a cikin jini da zai karɓe ta ba. Ƙwaya kuwa ba ta aiki nan take. Sai ta yi rabin awa zuwa awa ɗaya a ciki kafin a ji ta, kuma ciwon da ya riga ya hau ya fi wuyar saukarwa bisa wanda aka tare tun yana ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitoci sun san wannan dare sarai, shi ya sa suke nanata magana ɗaya har mutum ya gaji da ji.

Cikin ruɗanin nan wani maƙwabci ya shigo da ƙwaya a tafin hannu. Tramol ne, irin na ƴan tebur. Ya ce ɗaya tak ta isa, shi da ita yake dako tun safe har dare. Babu wanda bai san tramol ba a ƙasar Ƙonni. Samari na sha don noma, ƴan kabu-kabu na sha, an kuma ga yadda wasu suka ƙare. Likita kan rubuta shi wani lokaci, ƙwaya mai awo 50, na ƴan kwanaki, yana sane da sauran magungunan da mutum ke sha. Na tebur akwai mai awo 120, da 200, da 225, kuma ba wanda zai rantse a kan abin da ke ciki. Yana iya sa mutum jijjiga kamar mai farfaɗiya. Tsoho yana iya ruɗewa, ko numfashinsa ya yi ƙasa in an haɗa shi da wani mai ƙarfi. Ɗan ya karɓi ƙwayar. Hannunsa na rawa, uba na nishi. Ya tsaya ya dube ta, sannan ya aje ta kan taga, ya ɗauko takardar sallama, ya kira lambar da aka rubuta a ƙasa.

Malamin jinya mai kwanan aiki ya ɗauka. Ya yi tambayoyi: Akwai zazzaɓi? Jini ya jiƙa bandeji? Sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri? Yana numfashi daidai? Yana iya motsa yatsun ƙafa? Da ya ji amsa, ya ce wannan farkawar allura ce, ba wata ɓarna ba. Ya faɗi ƙwayoyin da za a ba shi daga cikin waɗanda aka rubuta, ya ce a fara ba shi ɗan abinci. Ya ce a ɗora ƙafar kan matashi daga diddige, a naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Ya ce ta tebur kuwa a jefa ta masai.

Sai da aka kira assalatu Baba ya samu barci.

Da ya farka bai yi maganar daren ba, ba wanda kuma ya tayar masa da ita. Surukar ta kawo faranti. Ya miƙa hannu ya ɗauka.

Jikan ne ya samo dabarar lokaci. An rubuta a sha wani maganin kowace awa 8. Baba ba ya duba agogo, amma ba ya kuskuren salla. Yaron ya ja layi uku a bayan kwali: bayan asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya. Duk wanda aka sha ya sa masa alama. Parasetamol da ake rainawa yana aiki ƙwarai in ana shan sa a kan kari. Amma babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu awo 500 a wuni da kwana, tsoho marar jiki ma ƙasa da haka, don yawansa na lalata hanta. Masu rage kumburi, irin su ibuprofen da diklofenak, ba a shan su da yunwa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda sai ya gaya wa likita tukuna. An kuma ba shi maganin hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, wanda shi ba don zafi ake sha ba, ba a kuma barinsa don an ji sauƙi.

Wani zai ce, to in mutum na iya jurewa, ina ruwan wani? A nan juriya ba ta da riba. Sabuwar gwiwa sai an lanƙwasa ta an miƙe ta kullum tun daga kwanakin farko. In zafi ya hana, tabo na kama ta daga ciki cikin ƴan makonni, ta sandare. Daga nan sai an koma asibiti an sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi, wani lokaci ma ba ta komawa daidai. Mai koya motsa gaɓɓai da ke zuwa gidan ya ce a riƙa shan magani kamar awa ɗaya kafin ya iso. Baba ya riƙa jan diddige a kan tabarma zuwa wajen ɗuwawu, yana miƙewa, sau goma, ya huta, ya sake. Yana yi yana tsaki, amma yana yi.

Bayan mako biyu aka cire ɗinki. Bayan mako shida ya bar ƙarfen dogarawa ya koma sanda. Aka maido shi Bazaga kafin zafi ya shigo.

Mutane suka cika zaure suna son ganin gwiwar ƙarfe. Wasu na tambaya ko tsawa za ta bi shi da damina. Wasu na tambaya ko zai iya durƙuso. Gaskiya ita ce gwiwar ba ta koma ta saurayi ba. Tana lanƙwasa har ya zauna kan kujera ya hau amalanke, amma zaman tahiya a ƙasa ya gagara. Ya tambayi liman, yanzu a kan kujera yake salla a ƙarshen sahu. An gina masa wurin zama a bayan gida don kada ya tsuguna. Gefen tabon, ta waje, akwai wuri kamar faɗin tafin yaro da har yanzu ba ya ji sosai. Likita ta ce haka yakan zama, wata ƙaramar jijiyar fata ce wuƙa ta bi ta kanta. Irin wannan gwiwa takan kai shekara 15 zuwa 20 ko fiye, in ba a ɗora mata buhu ba.

Ana nan sai wani amininsa, makiyayi, zai tafi a yi masa aikin gwaiwa. Ya zo sallama, yana cewa ai an ce allura ake yi, ba a jin komai. Baba ya sa aka fita da yara daga zauren. Abin da bai gaya wa kowa ba a garin, shi ya gaya masa, har da kiran sunan ɗan fari. Ya ce masa ya tambayi likita awa nawa allurar za ta yi, ya sayi magungunan da aka rubuta a farmasi tun kafin ya baro asibiti, ya kuma karɓi lambar da zai kira cikin dare. Makiyayin ya yi dariya ya ce shi Bafillace ne, ba a san su da raki ba. Baba ya ce shi ma haka ya ce.

Da daminar 2023 Baba ya je gona da ƙafarsa. Bai riƙe hauya ba. Ya bi bayan masu saran shuka yana jefa iri yana rufewa da ƙafar hagu, har rana ta take. Huɗa kuwa sai da aka yi hayar shanun wani. Yanzu gwiwar hagun ce ta fara tsami da safe. Tun a Galmi an gaya masa ita ma tana kan hanya. A turke akwai ɗan maraƙi guda da ƴaƴansa suka haɗa kuɗi suka saya masa, kullum da yamma shi da kansa yake kai masa harawa.